Tanbihi Ga Masu Jinyar Wanda Zuciyarsa Ta Buga

Hausawa tun dā sun haɗa abu biyu cikin kalma ɗaya. Tsokar nan ta cikin ƙirji mai tura jini sunanta zuciya, fushin da ke taso wa mutum shi ma zuciya a ke ce masa. In an ce wane mai zuciya ne, watau mai saurin hasala ne. In kuwa aka wulakanta mutum ya rasa yadda zai yi, ya yanke jiki ya faɗi bai shura ba, sai a ce ya haɗiyi zuciya. An daɗe waɗansu na ɗaukar wannan magana camfin tsofaffi. To, ga shi likitocin zamani sun auna, sun ƙidaya, sun iske tsofaffin ba su yi ƙarya ba, ɓacin rai ya kan tsai da zuciya, ya kan kuma hana wadda ta yi rauni warkewa. Abin mamaki, mutanen da suka riga kowa faɗin haka da baki su ne ba su aiki da shi a gida. Sai a sallamo attajiri daga asibiti bayan zuciyarsa ta buga, a kiyaye masa ƙwayoyinsa, a rage gishirin miyarsa, sa'an nan a buɗe zaure ga duk mai ɗauke da mugun labari. Wannan kuskure ne wanda ya isa ya kai mutum kushewa.

Kafin a yanke hukunci sai a san mas'alar. Zuciyar baligi girmanta kamar dunƙulen hannunsa. In yana zaune lafiya tana harbawa tsakanin sau 60 da sau 100 cikin minti ɗaya, watau kimanin sau 100,000 a yini da kwana, tana tura jini wajen lita 5 kowane minti. Jinin da ke ratsa ɗakunanta ba shi ke ciyar da ita ba. Akwai waɗansu 'yan jijiyoyi da suka naɗe ta ta waje kamar rawani, kaurin kowace bai kai na alƙalamin allo ba, su ke kai wa namanta abinci da iska. Shekara da shekaru kitse na taruwa cikin bangon waɗannan jijiyoyi mutum bai sani ba, har ran da fuskar kitsen za ta tsage, jini ya sandare a wurin, hanya ta toshe. Daga nan naman da ke gaban toshiyar sai ya fara mutuwa bayan kamar rabin sa'a, in an daɗe ba a buɗe hanyar ba ya mutu ke nan. Naman zuciya kuwa ba ya tsirowa sabo. Jiki ya kan kwashe mataccen, ya cike gurbin da tabo, aikin da ke cin mako 6 zuwa 8. Cikin waɗannan makonni zuciyar tana kamar katangar da aka yi wa sabon yaɓe, ƙasar ba ta bushe ba, mai hankali ba ya jingina mata buhun gero.

A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune. Da zarar mutum ya firgita ko ya hasala, ƙwaƙwalwa sai ta aika mata, ta zubo wani ruwa cikin jini wanda likitoci ke kira adirenalin. Nan take zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, ya kuma yi shirin sandarewa da wuri don ko za a ji ciwo. Wani masani na jami'ar Habad a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan a 1915. Hikimar abin a fili ta ke, zama bafataken da ya gamu da 'yan fashi a dawa yana bukatar ƙarfin gudu ko na dambe. Illa dai jiki ba ya rarrabe ɗan fashi da takardar sammaci. Faɗuwar gaban da ke samun mutum in ya ji an ce motar kayansa ta kife, ita ce ta wanda ya yi arba da kura, sai dai shi ba gudun da zai yi ya ƙone abin, yana zaune bisa tabarma zuciyarsa na sukuwa. In damuwar ta zama ta kullum, wani ruwan kuma mai suna kotisol ya kan yawaita, shi ko yana ɗaga sukarin jini, yana taimakon hawan jini, yana jinkirta warkewar rauni. Zuciya mai lafiya ta kan jure. Mai sabon tabo kuwa an ƙara mata kaya alhali hanyar abincinta ta ƙuntata, kuma gefen tabon nan wuri ne da harbawar zuciya ke saurin rikicewa, in ta rikice ƙwarai mutum ya faɗi nan take.

Magabata sun hangi wannan tun ba a ƙago abin awo ba. Abu Zaidu al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa littafi bisa maslahar jikuna da rayuka, ya jera fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi cikin cututtukan da a ke yi wa magani kamar zazzaɓi. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe risala guda ga magungunan zuciya, ya yi magana cikinta bisa yadda farin ciki da baƙin ciki ke taɓa ta. A Ingila kuma an yi wani shahararren likitan fiɗa, John Hunter, mai fama da ciwon ƙirji, ya kan ce ransa na hannun duk shaƙiyyin da ya ga damar ɓata masa rai. A 1793 aka yi gardama da shi a wurin taron hukumar asibitinsa a Landan, ya fita ɗakin ya faɗi ya mutu.

Labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja, shi ya sa aka koma ga ƙidaya. Ran 17 ga Janairu 1994 ƙasa ta girgiza a birnin Los Anjalis da asuba. Makon da ya gabata, masu mutuwar fuju'a ta zuciya a lardin ba su kai 5 a yini ba bisa lissafi, a ranar kuwa aka sami 24, ba waɗanda gini ya danne ba, firgita kawai. A 2006, lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Jamus, likitocin birnin Munik sun iske cewa ranakun da ƙasarsu ke wasa, masu ciwon zuciya na gaggawa sun fi ninki biyu da rabi na sauran ranaku. Wasa ne fa, ba bashin kowa a ciki. A Amurka an tambayi mutum 1,623 da zuciyarsu ta buga abin da ya same su kafin ciwon, aka iske haɗarin ya fi ninki biyu cikin sa'o'i biyu da ke bin babban fushi. Wani binciken na 2012 ya nuna cewa cikin yinin farko na rasuwar makusanci haɗarin ya kan ninka wajen sau 21, sa'an nan ya riƙa sauka a hankali. Kada wannan lissafi ya razana mai karatu fiye da kima. Haɗarin mai lafiya cikin sa'a guda ƙanƙane ne ainun, ko an ninka shi bai zama babba ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda aka sallamo daga asibiti jiya kuwa, bangonsa a tsage ya ke.

Damuwar da ke kwana da mutum ta tashi da shi ita ma an auna ta. A 2004 aka bayyana sakamakon wani babban bincike wanda Farfesa Salim Yusuf na Kanada ya jagoranta a ƙasashe 52, har da waɗansu na Afirka, inda aka gwama mutum sama da 15,000 masu wannan ciwo da kusan adadinsu na masu lafiya. Waɗanda suka ce damuwa ba ta rabuwa da su, a gida ko wurin sana'a, haɗarinsu ya kai ninki biyu, kuma haka abin ya ke ko a wace nahiya. Bayan ciwon ya auku lamarin ya fi tsanani. A 1984 an bi sawun maza 2,320 da suka tsira daga bugun zuciya a Amurka har shekara 3, aka iske waɗanda suka haɗa yawan damuwa da rashin abokin hira sun fi sauran mutuwa fiye da ninki huɗu. A 1993 likitocin Monturiyal sun bi mutum 222, suka ga waɗanda baƙin ciki mai nauyi ya kama tun suna asibiti sun fi sauran mutuwa ninki-ba-ninki cikin wata 6. Hatta raunin fata an gwada. A 1995 an yi wa waɗansu mata masu jinyar tsofaffinsu ɗan yanka a hannu, aka yi wa waɗansu marasa wannan ɗawainiya irinsa, na masu jinyar ya ƙara wajen kwana 9 kafin ya rufe.

To, a dubi abin da ke faruwa a gidan ɗan kasuwa in ya komo. Tun daga hantsi zaure ya cika. Dubiya alheri ce, ba mai musun haka, ƙidayar da aka ambata ma ta nuna kaɗaici na kisa. Amma wace irin dubiya? Wannan ya zauna sa'a biyu yana lissafa waɗanda ya sani da irin ciwon ya kashe. Wancan ya ce ai bai so ya faɗa ba, amma farashin kayan da Alhaji ya tara ya karye. Yaron shago ya zo da rasit, dillali ya zo da ƙorafi, mai bin bashi ya zo ya yi sannu sau uku, ya yi shiru irin wanda ya fi magana nauyi. Wayar hannu na ƙarƙashin matashin kai tana ruri har tsakar dare. A cikin gida kuma kowace ɗaki na da ƙarar da ta ajiye sai maigida ya dawo. Shi kuwa kunya ta hana shi cewa ya gaji, dole ya tashi zaune ya gyara hula ya amsa gaisuwar mutum 40, don kada a fita a ce wane ya ƙare. Ga tsoron da ba ya faɗa wa kowa, cewa in aka ji ya raunana masu ba shi kaya bashi za su janye hannu. Da wani zai shigo ya ɗora wa majinyacin nan buhu a ka, da an yi masa ca. Mai mugun labari kuwa shimfiɗa a ke yi masa a kawo masa ruwa, alhali aikin da suka sa zuciyar iri ɗaya ne.

Malaman fiƙihu sun ambata cikin ladubban gai da mara lafiya cewa a taƙaita zama, a faɗa masa abin da zai ƙarfafa ransa. Wannan ladabi yau ya zama magani, kuma malamai su suka fi cancanta su tunasar da shi, gama in ɗan gida ya tsaya a ƙofa ya ce Alhaji na hutawa sai a ce ya yi rashin kunya, in liman ne ya faɗa kuwa sai kowa ya ce gaskiya ne. Ya kamata tun majinyaci na asibiti a tsai da wakili guda amintacce, ɗa ko ƙane ko abokin ciniki, wanda duk maganar kuɗi za ta tsaya gare shi. Masu bin bashi kuma su yi lissafi irin nasu na kasuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya yi wa abokin cinikinsa jinkirin wata biyu yana da ran samun kuɗinsa cif, wanda ya matsa masa har ya faɗi sai ya jira rabon gado, ya tsaya layi da sauran masu da'awa gaban alƙali.

Amma akwai wani kuskuren a ɗaya gefen, masu ƙauna su suka fi faɗawa cikinsa. Su kan kwantar da mutum su hana shi ko zuwa ƙofar gida, su karɓe mabuɗan shago, in ya yi tambaya a ce kada ya damu, in ya shigo a yi tsit. Mutumin da ya shekara 30 yana juya dukiya ba wawa ba ne, labarin zuciya a tambayi fuska, yana ganin fuskokinsu ya san ana ɓoye masa abu, sai ya kwana yana ƙiyasta asarar da ta fi ta gaskiya girma. Zullumi ya fi labari ciwo. Likitoci ma sun taɓa yin irin wannan kuskure. Har wajen 1950 al'adarsu ita ce a kwantar da mai bugun zuciya mako 6 ba motsi, har abinci a baki a ke ba shi, da yawa kuwa jini ya sandare musu a ƙafa, jiki ya saki, rai ya karaya. A 1952 likitoci biyu na birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka bayyana cewa sun riƙa zaunar da majinyatansu bisa kujera tun kwanakin farko, suka ga sun fi samun sauƙi da ƙarfin rai. Shugaban Amurka Aizanhawa zuciyarsa ta buga a Satumba 1955, ya yi mako 7 a asibiti, ya koma aiki, aka sake zaɓensa a 1956, bai rasu ba sai 1969. Yanzu tafiya da ƙafa kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa bisa shawarar likita, tana cikin maganin kanta. Saboda haka abin nema shi ne a tace abin da ke isa ga majinyaci. Wakili ya zo masa da lissafi sau ɗaya a yini, da rana bayan ya huta, ya faɗi gaskiya a taƙaice tare da abin da aka riga aka yi a kai, a bar masa yanke shawara cikin abin da ba na gaggawa ba don ya san har yanzu shi ne maigida. Labarin da ba makawa sai ya ji, kamar rasuwa, a zaɓi mai faɗa da lokacin faɗa, kada ya tsince shi a bakin yara.

Sauran magana ta malamai ce. Kimanin mutum ɗaya cikin 5 na waɗanda zuciyarsu ta buga su kan faɗa baƙin ciki mai nauyi, watau mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, ya ƙi abinci, ya ƙi mutane, ya riƙa ganin kansa kaya ne a wuyan iyalinsa, har mako biyu ko fiye. Irin wannan in ya kai kuka wurin malaminsa aka ce masa ƙarancin tawakkali ne, an ƙara masa ciwo bisa ciwo, daga ranar kuma ba zai sake faɗa wa kowa ba. Cuta ce mai magani, ta kan kama mai yawan ibada kamar yadda hawan jini ke kama shi. Hanyar da ta ke bi ta yi kisa ma ba ɓoyayyiya ba ce. Wani bincike na 2008 bisa mutum 1,017 masu ciwon jijiyar zuciya a Amurka ya iske mafi yawan ƙarin haɗarin daga abin da mutum ya daina yi ne, musamman motsa jiki. Wanda ransa ya karaya ba ya fita tafiya, ya kan manta ƙwaya ko ya ce ina amfaninta, mai taba ya koma wa tabarsa, mai goro ya ninka goronsa. Malamin da ya yi masa addu'a sa'an nan ya tambaye shi ko ya sha maganin safe, ya kama hannunsa suka taka zuwa masallacin unguwa a hankali, ya ce wa ɗansa ya gaya wa likita halin da uban ke ciki, ya yi aikin da likita ba ya iya yi daga ofishinsa.

Wani zai ce, in haka ne ashe kwanciyar rai ta wadatar. Ba ta wadatar ba, kuma adalci ne a kawo hujjar da ba ta goyi bayan wannan shafi gaba ɗaya ba. A 2003 an bayyana wani gwaji a Amurka bisa mutum 2,481 masu baƙin ciki ko kaɗaici bayan bugun zuciya. An yi wa rabinsu magani ta hanyar zama da masu ba da shawara, ransu ya ɗan yi sauƙi, amma adadin masu mutuwa bai ragu ba. A Upsala ta ƙasar Suwidin kuwa an ɗauki mutum 362, aka koya wa rabinsu dabarun sarrafa fushi da gaggawa cikin zama 20 a shekara guda, aka bi su kusan shekara 8, sai aka ga sake bugun zuciya ya ragu da kashi 45 cikin 100. Abin da mai adalci zai ɗauka daga biyun shi ne gyaran rai yana da amfani tabbatacce ga zaman mutum, ana kuma kyautata zaton yana kare zuciya in an daɗe ana yi, amma bai kai matsayin da za a ajiye ƙwaya dominsa ba. Asfirin da 'yan'uwansa masu hana jini sandarewa, da maganin rage kitsen jini, da na hawan jini, su ne ginshiƙi, barinsu ba da izinin likita ba ganganci ne, balle ga wanda aka sa wa ɗan bututun ƙarfe cikin jijiya, zama toshewarsa ta kan zo farat ɗaya. Cikin magungunan ma akwai wani jinsi wanda James Black na Birtaniya ya ƙago wajen 1964, har aka ba shi kyautar Nobel a 1988, aikinsa kawai ya tare adirenalin kada ya zaburi zuciya. Azumi kuma cikin makonnin farko sai an tambayi likita, galibi su kan ce a jinkirta.

Mata a kan manta da su cikin wannan zance, alhali akwai nau'in ciwon da kusan nasu ne. A 1990 likitocin Japan suka bayyana wata cuta inda razana ko baƙin ciki ke sa babban ɗakin zuciya ya saki ya kumbura kamar tulu, jijiyoyin kuwa a buɗe ba toshiya. Suka sa mata suna takotsubo, sunan wata tukunya da masuntansu ke kafawa a teku. Wajen 9 cikin 10 na masu kamuwa mata ne, galibi waɗanda suka daina al'ada. Mafi yawa zuciyar ta kan komo daidai cikin makonni, amma kwanakin farko akwai haɗarin mutuwa, kuma ba mai iya rarrabe ta da toshewar jijiya sai da awon asibiti. Don haka tsohuwar da ta dafe ƙirji ranar da aka yi mata rasuwa, ko mai takaba da numfashinta ya riƙa sarƙewa, ba a bar ta da ba da haƙuri kawai ba. Haka uwargidan da ta kwana 40 tana jinyar miji ba barci, ita ma a sami mai karɓarta.

Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji wanda ya wuce 'yan mintoci, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi ko baya, tare da zufa mai sanyi ko tashin zuciya ko ƙarancin numfashi, ko da bayan faɗa ya zo, kada a ce ɓacin rai ne zai wuce in ya sha ruwa. Mata da tsofaffi da masu ciwon sukari wani lokaci ba su jin zafin ƙirjin sosai, sai kasala da haki da ciwo kamar na gyambon ciki. A zaunar da mutum, kada a bar shi ya tuƙa mota ko ya taka da ƙafarsa, a nufi asibitin da ke da na'urar auna harbawar zuciya ba tare da an jira gari ya waye ko an jira babban wa ya dawo daga kasuwa ba. A tafi da takardun sallamarsa na farko da kwalayen magungunan da ya ke sha.